Haɗa Siminti Ba Tare da Masana'anta Ba: Daga Toyayyen Dutse zuwa Lason Karofi

Tsakure

Wannan maƙala ta yi bayanin yadda mutumin da ya tsinci kansa a daji, nesa da kasuwa da masana'anta, zai iya samar da abin ɗaure gini daga dutse da ɓawon halittun ruwa da toka da yumɓu. Ta bambance abin da ke bushewa kawai da abin da ke kamawa ta hanyar sauyin sinadari, sannan ta bi matakan toya farar ƙasa da jiƙa ta da gauraya ta. Daga nan ta waiwayi laso, wanda marina da maginan ƙasar Hausa suka daɗe suna haɗawa daga katsi da gashi da dafara, ta nuna cewa tushensa ɗaya ne da abin da masu koyar da dabarun rayuwa a daji ke kira simintin toka a yau.

1.0 Gabatarwa

Kalmar siminti ta shigo Hausa daga Ingilishi tare da buhun da ake sayarwa a kasuwa, don haka da zarar an ambace ta hankali yakan tafi ga wannan gari mai ruwan toka da ake sarrafawa a Kalambaina ko Ashaka ko Malbaza. Shi wannan nau'i bai wuce shekara 200 da 'yan kai ba a duniya. Wani magini ɗan birnin Leeds na ƙasar Ingila, Joseph Aspdin, shi ne ya yi masa rajista a 1824 da sunan simintin Portland. Irinsa na yau yana buƙatar a gasa dutse da yumɓu har zafi ya kai kimanin digiri 1,450 a ma'aunin Salshiyas, sannan a niƙe dunƙulen da ya fito da injin ƙarfe. Babu mai iya wannan da itace da hannu biyu a dokar daji, kuma gara a faɗi haka tun farko.

Amma ɗan Adam ya yi dubban shekaru yana ɗaure dutse da dutse kafin Aspdin. A Ain Ghazal da ke ƙasar Jodan an tono daɓe da gumaka na toyayyar farar ƙasa waɗanda suka kai kimanin shekara 9,000, wato tun kafin mutanen wurin su fara gina tukwane. Tambayar da maƙalar ta sa a gaba ita ce: me waɗannan mutane suka sani wanda zai amfani wanda ba shi da komai sai wuta da abin da ƙasa ta ba shi?

2.0 Bushewa daban, kamawa daban

Abu na farko da mai neman mafaka a daji zai kai hannu gare shi shi ne ƙasa. Ya kwaɓa yumɓu da ruwa, ya zuba yankakkiyar ciyawa, ya tattake, ya yaɓa a jikin itatuwan da ya kafa. Littattafan koyar da rayuwa a daji sukan kira wannan haɗi siminti, alhali Bahaushe ya san shi da sunansa: ƙasa da ramno. Ƙasar suri ta fi kyau ga wannan aiki saboda gara ta riga ta tace ta. Haɗin yana da amfani ƙwarai, yana tare iska da sanyi, yana kuma jure wuta idan an gina murhu da shi. Sai dai ƙarfinsa na bushewa ne kurum. Ruwa ya fita, ƙwayoyin yumɓu suka matsu da juna. Ranar da ruwa ya dawo sai su saki. Abin da ya sa ake sake yaɓe kafin damina ke nan.

Abin da ya cancanci sunan siminti shi ne wanda idan ya kama ya zama wani sinadari dabam, ta yadda ruwa ba zai mayar da shi laka ba. Gwajin mai sauƙi ne. A dunƙula kaɗan, a bari ya yi kwanaki, a jefa cikin ƙwarya da ruwa a bar shi ya kwana. Wanda ya narke ƙasa ce, komai taurinsa a hannu.

3.0 Toya dutse

Asalin aikin duka yana kan sinadari guda, kalsiyam kabonet, wanda shi ne jikin dutsen farar ƙasa da alli da murjanin teku da katantanwa da ƙumba da ƙwanson ƙwai. Idan aka gasa shi zuwa wajen digiri 900, sai iskar kabon dayoksaid ta fice, a bar kalsiyam oksaid. Lissafin a bayyane yake: kilo 100 na tsantsar dutse yakan koma kilo 56. Dutsen bai sauya siffa ba, amma wanda ya ɗaga shi zai ji ya yi sakayau, kuma wannan ita ce alamar farko ta cewa ya toyu.

Kafin a kai ga wuta akwai matsalar gane dutsen, kuma a nan harshe kansa yana iya ɓatar da mutum. Farar ƙasa a Hausa suna ne da ya haɗa abubuwa biyu da ba su da dangantaka ta sinadari: farin yumɓun da ake shafe ɗaki da shi, irin wanda ake haƙowa a Ƙanƙara ta jihar Katsina, da kuma farin garin da ake samu daga toyayyen dutse. Na farko ko an kwana ana gasa shi ba zai zama na biyu ba. Hanyar rarrabewa ita ce a kankare dutsen a ɗiga masa ruwan lemun tsami. Idan ya yi kumfa yana ɗan tsuwa, to akwai kabonet a cikinsa. Ƙashi ma yakan yaudari mutane saboda farinsa bayan ƙuna, amma shi kalsiyam fosfet ne, ba ya ba da abin da ake nema.

Wutar da ake hurawa a fili ba ta cika isa ba, domin zafinta yana watsewa kuma ba ya ratsa dutse har ciki. Abin da ake bukata shi ne tanderu: rami a gefen tudu ko gini mai kamar rumbu da aka yi da yumɓu, da ƙofar iska a ƙasa da buɗaɗɗen baki a sama. A farfasa dutsen kada ya wuce girman dunƙulen hannu, a jera shi hawa-hawa da itace ko gawayi, a bar ƙofofin da harshen wuta zai bi. Mai aiki ba shi da ma'aunin zafi sai idonsa. Ja mai duhu bai isa ba. Sai dutsen kansa ya yi ja mai haske yana komawa ruwan lemo, kuma an fi ganin wannan da dare. Tandunan gargajiya na Turai sukan yi kwana uku suna ci idan dutse ne manya. Ɓawo mai kauri kaɗan kamar katantanwa yakan toyu cikin 'yan sa'o'i, musamman idan an taimaka da zugazugi.

Bayan ya huce sai a jiƙa shi, kuma wannan shi ne mataki mafi haɗari. Da ruwa ya taɓa toyayyen dutsen sai ya fara huci, ya kumbura, ya farfashe, zafi ya tashi har ruwan ya tafasa yana fantsama. Ɗigo ɗaya a ido na iya makantarwa, kuma yana cin fata ko da ya huce. Ƙa'idar masu sana'ar ita ce a riƙa zuba dutsen kaɗan-kaɗan cikin ruwa mai yawa, a tsaya ta inda iska ke fitowa, a juya da doguwar sanda. Haka kuma ba a kwana kusa da bakin tanderu, domin iskar da ke fita daga ciki ba ta da wari amma tana kisa. Abin da ya kwanta a ƙasan ramin, fari mai laushi kamar kindirmo, shi ne kalsiyam haidiroksaid. Duk ɓarɓashin da ya ƙi narkewa bai toyu ba ne, sai a tsame shi a mayar wuta.

Wannan farin kunu ba ya lalacewa matuƙar ruwa ya rufe shi, hasali ma ƙara kyau yake yi. Pliny Babba ya ambaci tsohuwar dokar gini ta Rum wadda ta hana amfani da wanda bai shekara uku a jiƙe ba. Wanda ke daji ba shi da wannan sukuni, amma ko kwana biyu ya bari ya fi ya yi amfani da shi nan take, saboda ƙwayar da ba ta gama jiƙa ba takan kumbura daga baya a cikin bango ta fasa yaɓen. Wajen gaurayawa, ma'aunin da Vitruvius ya bayar a ƙarni na ɗaya kafin Miladiyya har yau shi ake bi: kashi ɗaya na farar ƙasa da kashi uku na yashin rami, ko kashi biyu idan yashin kogi ne.

Daga nan sai haƙuri. Haɗin yana kamawa ne ta hanyar sake shan kabon dayoksaid daga iska, ya koma dutsen da ya fito daga gare shi. Iskar da muke shaƙa ba ta ɗauke da wannan sinadari sai kimanin kashi 0.04 cikin ɗari, don haka taurin yana shiga ne daga waje zuwa ciki a hankali, cikin makonni da watanni. Yana kuma bukatar danshi. Yaɓen da aka yi a tsakiyar hunturu aka bar wa iska zai bushe kafin ya kama, ya zama gari a taɓa shi ya zube. Dole a rufe shi da ciyawa ko tabarma ana yayyafa ruwa.

3.1 Inda babu dutse

Mutanen bakin teku ba su taɓa rasa abin toyawa ba. A Kilwa da Lamu da Zanzibar murjani ake tarawa a kan tulin itace a ƙone, da shi aka gina masallatai da gidajen Sawahilawa. A gabar Jojiya da Karolina ta Kudu a Amurka, ɓawon kawa aka riƙa ƙonawa a gauraya da yashi da ruwa da sauran ɓawon da ba a ƙona ba, a zuba tsakanin alluna. Bayi 'yan Afirka ne suka yi mafi yawan wannan aiki, kuma bangayen suna nan tsaye. Sharaɗi ɗaya shi ne a wanke gishiri daga ɓawon kafin a toya.

Wanda ba shi kusa da teku kuma ba shi da dutse, saura toka. Bishiya tana tara kalsiyam daga ƙasa, musamman a ɓawonta da ganyenta, kuma idan ta ƙone shi ne mafi yawa a cikin abin da ya rage. Matsalar ita ce toka kaɗan ce, ba ta cika wuce kashi ɗaya ko biyu cikin ɗari na nauyin busasshen itace ba, kuma tana gauraye da gishirin fotash mai narkewa, wanda shi ne ke ba ruwan toka kaifinsa. A 2018 John Plant, wani ɗan Ostireliya da ya shahara da gwada fasahohin farko a dajin Queensland da hannu kawai, ya nuna hanyar. Ya ƙone ɓawo da ganye, ya kwaɓa tokar da ruwa ya dunƙula, ya mayar da dunƙulen cikin wuta har ya yi jajir, ya jiƙa shi, sannan ya gauraya da dakakken toyayyen yumɓu. Abin da ya samu ya kama, kuma bai narke cikin ruwa ba. Sirrin yana ga ƙuna ta biyu: ita ce ke mayar da kabonet ɗin tokar ya zama oksaid, daidai da abin da ke faruwa ga dutse.

4.0 Kamawa cikin ruwa

Farar ƙasa da yashi kaɗai ba sa kamawa inda iska ba ta shiga. Mai son ya gina kwalbatin tara ruwa ko ya yaɓe rijiya yana bukatar ƙarin abu. Rumawa sun same shi a tokar dutse mai aman wuta da ke kewayen garin Pozzuoli kusa da Naples a Italiya. Silika da alumina da ke cikin tokar suna haɗuwa da jiƙaƙƙiyar farar ƙasa su haifar da sinadari mai tauri ko da a ƙarƙashin ruwa. Da irin wannan kankare suka gina tashoshin jiragen ruwa da ƙubbar Pantheon, wadda aka kammala wajen shekara ta 126 Miladiyya, faɗinta mita 43, ba ƙarfe ko ɗaya a cikinta.

Ba kowa ke da dutse mai aman wuta a maƙwabtaka ba, amma toyayyen yumɓu yana yin aiki iri ɗaya. Vitruvius da kansa ya ba da shawarar a ƙara dakakken tsingaro, kuma Indiyawa da Farisawa da mutanen Oman duk sun san wannan dabara. Yumɓun da aka gasa tsakanin digiri 600 zuwa 850 ya fi kyau, wato kusan zafin matoyar tukwane ta gargajiya. Wanda ya ƙone har ya yi gilashi ya rasa ƙarfinsa. A nan ne farin yumɓun nan da aka ce ba ya zama farar ƙasa yake samun ranarsa, domin idan an gasa shi yana cikin mafi ingancin abin da ake gaurayawa. Tokar ɓuntun shinkafa ma haka, saboda yawan silikarta, in dai an ƙone ta a hankali har ta yi fari. Ko wanne aka zaɓa, sai an daka shi ya yi laushi kamar garin tuwo.

Akwai kuma dutsen da ya zo da yumɓunsa a jiki. John Smeaton ne ya gano haka yayin gina hasumiyar Eddystone a tekun Ingila tsakanin 1756 da 1759: dutsen da magina ke rainawa saboda rashin tsarki shi ne ke ba da farar ƙasa mai kamawa cikin ruwa.

5.0 Laso

Ƙasar Kano da Zazzau galibi a kan duwatsun giranet take zaune, ba kamar kwarin Sakkwato mai shimfiɗar dutsen farar ƙasa ba. Duk da haka a wannan yanki ne aka shahara da laso, wanda ake yaɓe ramukan rini da rufin soro da rawanin gini da shi. Kayan haɗinsa uku ne, kuma kowanne daga wata sana'a yake fitowa.

Katsi shi ne jigo. Marini yana haɗa baba da toka da ruwa a cikin rami. Idan ruwan ya mutu aka kwashe, sai a tarar da laka ta kwanta a ƙasa. Ita ake kwasowa a dunƙula, a shanya, a toya, a daka. Wanda ya bi bayanin da ya gabata zai ga abin da ya faru: ruwan rini ya tsotse fotash ɗin tokar, ya bar kalsiyam a cikin lakar, toyawa kuma ta zama ƙuna ta biyu. Matakan su ne dai waɗanda Plant ya bi a Queensland, sai dai marinan Kano sun riga shi da ɗaruruwan shekaru, kuma su ba gwaji suke yi ba. Wannan ya kuma bayyana dalilin da ya sa ake mayar da toyayyen katsi cikin sabon ruwan rini don ƙara masa kaifi.

Gashin akuya da ake samu a majema yana yin aikin da ramno ke yi a ƙasa, wato hana tsagewa, kuma maginan Turai ma gashin dabba suke sa wa yaɓensu. Dafara kuwa, wadda masana tsirrai ke kira Cissus populnea, saiwarta ake dakawa a jiƙa ta fitar da yauƙi. Da wannan ruwa ake kwaɓa lason, a yi kwanaki ana juyawa kafin a shafa. Yauƙin yana riƙe danshi ya hana haɗin bushewa da gaggawa, wanda kuwa shi ne babban abokin gabar farar ƙasa a ƙasa mai zafi. Ya kamata a bambanta laso da makuba, wato ruwan ɓawon ɗorawa da ake yayyafa wa daɓe da bango. Makuba tana ƙara wa ƙasa tauri da juriyar ruwa, amma ba a toya komai a cikinta ba, don haka tana ajin farko ne na rabon da aka yi a sama.

Tasirin laso ya wuce gini. Philip Shea, a kundin digirinsa na uku na 1975 kan masana'antar rini ta Masarautar Kano a ƙarni na 19, ya nuna cewa ramukan da aka yaɓe da laso sun maye gurbin manyan tukwanen da ake rini a ciki a da. Rami ya fi tukunya zurfi da ɗaukar kaya da daɗewa, don haka kuɗin rini ya sauka. Rinannun tufafin da Heinrich Barth ya tarar ana fitarwa daga Kano zuwa ƙasashe masu nisa a 1851 sun fito ne daga irin waɗannan ramuka. Abin sha'awa shi ne sana'ar da kanta take samar da abin gina wurinta: karofi yana ba da katsi, katsi yana gina karofi.

Wannan sarƙa ce kuma ta sa laso ya yi ƙaranci. Da rinin zamani na roba da tukunyar ƙarfe ya karɓe kasuwa, ramuka da yawa suka mutu, aka rasa katsi, magina suka koma ga buhu. Illar tana bayyana a jikin tsofaffin gine-gine. Simintin Portland da aka yaɓa a bangon ƙasa ba ya numfashi kuma ba ya motsi tare da bangon; idan ya tsage ruwa ya shiga, ba ya samun hanyar fita, sai ƙasar ta ruɓe a ɓoye har ranar da yaɓen zai ɓare gaba ɗaya ya ɗebo bango. Laso da dangoginsa na farar ƙasa sun fi shi rauni a ma'aunin injiniya, amma suna barin danshi ya fice, kuma ga ginin ƙasa wannan ya fi ƙarfi muhimmanci. Mai son gyara soro ko ganuwa da kayan asali a yau zai fara ne da neman karofin da ke raye, irin na Ƙofar Mata, ko kuma ya tara toka ya wanke ya toya da kansa, ya jefa dunƙulen gwaji cikin ruwa ya ga ko zai kwana.